Ina Kuka Binne Mutanenku?

Ni ba haifaffen Jega ba ne. Ina ƙarami aka ƙwace ni daga hannun masu fataucin bayi, 'yan mishan suka raine ni can ƙasar Nufe, suka koya mini karatu da aikin kafinta. Neman abinci ya kawo ni Jega, Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Na tarar da 'yar majami'a a bayan kasuwa, ɗakin laka mai rufin ciyawa. Masu shigarta duk baƙi ne irina: 'yan kasuwa Yarbawa, Nufawa, da wasu tsofaffin sojoji.

Sai annobar murar nan da ake kira marisuwa ta shigo gari. Malamin da ke yi mana karatu shi ya fara barin gari, daga nan kowa ya yi ta kansa. Maƙwabcina wani tsohon soja ne, dogo, benci ɗaya muke zama ranar Lahadi. Shi da matarsa duk suka kwanta. Ran da nake ɗaure kayana ya kira ni ta kan katanga, ya ce in taimake su da ruwa. Na ce ina zuwa. Na ɗora wa jaki kaya, na sa matata a gaba, ba mu tsaya ba sai Maiyama.

Wata biyu muka yi. Da muka dawo, sojan ya mutu, matarsa ta warke. Rufin majami'a ya rufta, awaki na kwana a ciki. Mu da muka rage ba ma iya haɗa ido. In na hango ɗan'uwa a kasuwa sai in sake hanya. Kowa ya san wanda ya bari a kwance. Haka muka shekara.

Ana cikin haka aka aiko mana da fasto. Ya biyo ayarin fatake daga Yawuri, wani dattijo Banufe, siriri, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Lahadin farko mu huɗu muka je, muka zauna a gindin bango inda rana ba ta kai ba. Bai buɗe littafi ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "'Ya'yana, ina kuka binne mutanenku?"

A cikinmu babu wanda ya sani.

Washegari ya zo rumfata ya ce in raka shi. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana gidan wani malami mai makarantar allo a unguwarmu. Fasto ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo mu.

Malam ya ce, "Mu munka rufe su, ni da maƙwabta. Ba mu yi musu salla ba, don ba namu na ba. Amma 'yan Adam na, ba mu barin kuraye su ja su."

Ya ɗauki sandarsa ya kai mu wani fako wajen gulbi, yana nuna tudun ƙasa ɗaya-ɗaya, yana faɗin kamannin mai shi. Da ya zo na ƙarshe ya ce, "Wanga dogon sojan na. Ba ɗaki nai munka ishe shi ba. Bakin ƙofar kafinta munka ishe shi, da ƙwarya ga hannu nai."

Ba don ya tozarta ni ya faɗa ba, yadda abin ya faru ya faɗa. Na zauna a ƙasa. Fasto bai dube ni ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Kana da guntayen katako? Kowane kabari yana son suna."

Kwana uku ina sassaƙa. Shi kuwa ya bi gida-gida, bai ce wa kowa ya zo sujada ba, tambaya kawai yake yi: wane ne ya mutu, wa ya san cikakken sunansa? Ran da za a kafa allunan, kowa ya zo, har waɗanda suka rantse sun bar addinin. Matar sojan ma ta zo. A gaban mutane na durƙusa na gaya mata abin da na yi. Ta saurara har na gama, ta ce, "Na ji lokacin da ka ce kana zuwa. Ina ɗaki." Bayana wasu uku suka faɗi nasu. Ranar aka yi kukan da ba a yi ba shekara guda.

Daga nan muka kama gyaran majami'a. Mata suka yanko ciyawa, maza muka kwaɓa ƙasa. Na hana fasto hawa sama, ya ce shi ba zai tsaya a inuwa yana nuni da baki ba. Wata tsohuwar azara da gara ta cinye ta karye da shi. Ƙashin cinyarsa ya fito waje.

Muka ɗora shi a gadon kara, muna karɓa-karɓa har Aliero, wurin masu ɗori. Mai ɗorin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ba mu ɗaki a gidansa, amma ciwon ya ruɓe, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Kwana tara muka yi, kuma babu wanda ya gudu. Muna juya shi, muna korar masa ƙuda, muna ɗiga masa ruwa a baki.

Ana gobe zai cika ya miƙo mini littafinsa, ya ce ni zan riƙa yi wa jama'a karatu.

Na ce, "Baba, ka san ko ni wane ne."

Ya ce, "Na sani. A cikinku wa zan ba wanda bai gudu ba? Karɓi."

A bayan garin Aliero muka binne shi, da hannunmu. Muka koma Jega muka ƙarasa rufin kafin ruwan farko. Ba a sake aiko mana da wani fasto ba sai bayan shekaru, amma ba a sake rufe ƙofar ba, kuma duk wanda ya kwanta ciwo akan raba kwanakin jinyarsa tun daga bakin majami'a.

Matar sojan ba ta taɓa fashin Lahadi ba. Takan zauna a baya, ta yi waƙa da kowa. In na miƙe zan yi karatu sai ta fita ta tsaya a rana, in na zauna ta dawo. Shekara goma sha ɗaya tana haka, har ta rasu.