Ranar da Lori Ta Sami Ido a Baya

Aikina, tun ina saurayi har furfura ta fara fito mini a gemu, shi ne tsayawa a bayan lori. A wajenmu musa'id ake ce wa mai wannan aiki, wato mataimakin direba. Lorin ta baffana ce, ƙanin mahaifina, kuma a ƙauyenmu da ke kusa da Wad Haddad babu wanda bai san ta ba. Ita ke kwashe auduga daga gonaki, ita ke kai dawa Sinnar, ita ke ɗaukar mata zuwa gaisuwa idan an yi rashi a wani ƙauye. Baffa yana sitiyari, ni ina baya da sifana a hannu. In na buga jikin bodi sau biyu, sai ya ci gaba da ja da baya. In na buga sau ɗaya da ƙarfi, sai ya taka burki. Da wannan bugun muka yi ta bin bakin magudanan ruwa masu santsi da lungunan kasuwa, ba mu taɓa zubar da ko tulun kowa ba. Kafin a tayar da inji ma sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, domin a zafin yankinmu na Gezira inuwar lori gidan kowa ce, daga awaki har tsoho mai gyangyaɗi.

Baffa ya sha ce mini, "Baɗi in Allah ya kai mu, za ka hau sitiyari." Ana cikin wannan baɗin har Allah ya karɓi ransa. Mota ta koma hannun ɗansa, wanda na goya a wuya yana ƙarami, na share masa hanci da bakin rigata. Shi an kai shi makaranta a birnin Madani, daga nan ya tafi Saudiyya ya yi tuƙi na wasu shekaru. Da ya dawo sai ya sayar da tsohuwar lorin ya sayo sabuwa, mai dogon bodi. Yaya yake ce mini, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Na ci gaba da tsayuwata a baya kamar yadda na saba, da ita nake ciyar da gidana.

Wata rana muna shan shayi a bakin mota ya ce, "Yaya, akwai wani abu da nig gani Saudiyya. Kyamara 'yar ƙarama, a sa ta baya, direba na zaune yana ganin komi. Wallahi tausayinka nike ji, kullum kana cikin rana kana bugun ƙarfe. Mu sa ta don ka samu sauƙi."

Na ji daɗin maganar har cikin raina. Da na koma gida na tarar da matata tana tuyar kisra, wainarmu ta dawa mai faɗi, na ba ta labari ina murna kamar an yi mini kyautar bijimi. Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "To, in mota ta samu ido baya, kai mi za ka yi?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata ta yi tuyarta, ba ta san mota ba, ba ta san zumunci ba. Ɗan Baffa ne fa. Ta kwashe kisrar ta ɗora a faifai.

Ranar da muka sauke kaya a Sinnar, muka shiga layin masu kayan wutar mota. Mai shagon da muka tsaya wajensa ya baje mana kyamarori kala-kala a kan tebur. Shi da ƙanin nawa suka yi ta Larabci, domin ƙanin nawa Larabci ya fi kama masa baki fiye da Hausa. Mai shagon ya fara tambayar batir nawa ne a motar, ya ce wutar lori ta fi ta ƙananan motoci ƙarfi, wadda ba a yi ta don wannan wutar ba ƙonewa za ta yi tun ranar farko. Ya ware mana waɗanda suka dace. Ƙanina ya ƙyalla ido a kan wata marar waya, mai sheƙi, wai ba sai an sha wahalar jan waya ba. Ni na hana. Na ce bodinmu dogo ne kuma duk ƙarfe, ga girgizar hanyoyin gona, hoto zai dinga zuwa yana yankewa. Na zaɓi mai waya mai kauri, wadda idonta ke cikin gidan ƙarfe, ruwa da laka ba sa shiga, mai 'yar rumfa a sama don rana. Na jujjuya ta a hannu, na gwada ƙarfin kusoshinta, na sa aka kunna allon da ke nuna hoton na fita da shi hasken rana don in tabbatar ana gani. Wanda ya gan ni ranar zai ce kayan auren 'yata nake zaɓa.

Da mai shagon yake naɗe kayan sai ya yi dariya ya ce da Larabci, ga musa'id wanda ba ya shan shayi, ba ya neman karin kumallo. Ƙanina ya yi dariya shi ma, sannan ya dubi wajen titi. Maganar matata ta faɗo mini a rai, na kore ta kamar ƙuda.

Mai shagon ya ce yana da mai ɗaurawa. Na ce ba wanda zai shiga ƙarƙashin motarmu ina raye. Washegari muka ajiye ta a inuwar bishiyar dogon yaron ƙofar gidan Baffa, na shimfiɗa buhu na kwanta. Na ja wayar tun daga gaban mota har baya, ina bin ƙarfen ƙasa, ina kauce wa salansa don kada zafi ya narkar da ita. Duk inda za ta goga da ƙarfe na naɗe ta da yankin tsohon tiyub, na ɗaure tam. Na huda ƙarfe a tsakiyar baya, sama da lamba, inda buhu ba zai buge ta ba idan ana sauke kaya. Sannan na nemo wayar fitilar ribas na haɗa ta da ita, yadda allon ba zai kawo hoto ba sai an sa giyar baya, da an cire kuma ya ɗauke. Ƙura ta cika mini ido, yatsana ya fashe, amma ina aikin ina 'yar waƙata.

Da muka kunna, hoto ya fito tas. Ga ƙofar gida, ga akuya tana tuƙa, ga layuka a kwance a kan hoton, kore daga nesa, ja daga kusa. Mutanen da suka taru suka yi ta salati. Ƙanina ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, tahi baya ka tsaya mu ga ko tana ganinka."

Na je na tsaya a wurin da na shekara da shekaru ina tsayawa. Ya ce in matso, na matso. Ya ce in ja, na ja. Ya ce in durƙusa kamar ƙaramin yaro don a ga ko za ta kama gajere, na durƙusa a ƙasa, mutane na dariya, ni ma ina dariya. Na tashi na sunkuyar da idon kyamarar kaɗan har jan layin ya sauka daidai inda nake buga burki. Wato da hannuna na koya mata mizanina. Ya ce, "Tamam, Yaya. Hannunka na da albarka."

Mun yi 'yan tafiye-tafiye tare bayan nan. Ina sauka in zagaya baya, kafin in ɗaga sifana ya riga ya shige lungu ya tsaya daidai. In na buga ma, sai in ga bugun ya zo bayan burki. 'Yan dako a kasuwa suka fara tsokanata, wai an yi mini ƙane mai ido ɗaya. Ina mayar musu, amma abin yana ci mini rai.

Wata safiya za mu kai dawa Managil. Na fito da sifanata da guntun iccen tokare taya, na tarar ya riga ya tayar da inji. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon bayana. Sannan ya ce, idonsa a kan sitiyari, "Yaya, yau ka huta. Tahiyar ba nisa, kuma can akwai 'yan dako. Ma'alesh, yi haƙuri."

A wajenmu ƙane ba ya kallon idon yayansa ya ce ya sallame shi. Hutu ake ba ka, kai kuma ka gane. Na gane. Na so in tambaye shi ko ubansa ya taɓa ba ni hutu, ko ya manta wanda ya ɗauko shi a wuya ranar da ruwa ya cika magudana. Amma uwarsa tana zaune a soro tana jinmu.

Ya sake leƙowa ya ce, "Af, Yaya, hoton ya yi duhu-duhu. Ko za ka goge mani idon?"

Na zagaya baya. Na kama bakin jallabiyata, na goge ƙurar da ke kan gilashin har ya yi ƙyalli. Na ja gefe. Fitilar ribas ta kawo, motar ta taho da baya a hankali, ta wuce dogon yaron. Hannuna ya ɗaga da kansa da sifanar, na riƙe shi. Ta tsaya daidai inda da zan buga. Na san a wannan lokacin ina cikin allonsa, tsaye da guntun icce a hammata. Sai fitilar ta mutu. Ni na haɗa wayar, don haka na san hoton ya ɗauke, ya daina ganina tun kafin taya ta juya.

Da na shiga gida matata ta dube ni, ta dubi iccen, ta ɗora ruwan shayi. Da ta yi mini gori da na fi samun sauƙi.

Na koma cirar auduga a gonakin mutane, da furfurata, cikin sahun mata. Damina ta zo, na yi ta sauraron ranar da laka ko girgiza za su kashe abin, a aiko a ce Yaya ya zo. Damina ta wuce, wata ta zo. Ba a aiko ba. Har yau in lorin ta wuce ta bakin gona, sai wani ya nuna kyamarar ya ce aikin hannuna ne, ko sau ɗaya ba ta taɓa lalacewa ba. Gaskiya suke faɗi. Na ɗaure ta kamar yadda mutum ke ɗaure abin gidansu.