Baba Lamidi da Tsuntsayen Ramin Kuza

Ina tsugune ina tatsa da safiyar Laraba, Rasaki ya jingine kekensa a bakin garkena a Rikkos. Da na ga bai yi mini tsiyar da ya saba ba, sai na ajiye ƙwarya. Ya ce mahaifinsa, Baba Lamidi tela na Gada Biyu, ya cika bayan asuba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yawancin masu makoki da keken ɗinki suka san shi. Bayarabe ne, ɗan masunta daga bakin ruwan Ikko, ya zo Jos tun kafin yaƙin Bama, bai sake komawa ba. Ni kuwa shanu ne suka haɗa mu.

Shekara shida ke nan, rani ya yi tsanani, rafin da nake shayarwa ya ƙafe ƙaf. Ruwan da ya rage kusa shi ne wani tsohon ramin kuza da Turawa suka haƙa suka bari. Duk makiyayi ya san irin ramukan nan: bakinsu a miƙe yake kamar rijiya, saniya na sa ƙafa sai ta zarce. Biyu ya ci mini a mako guda. Na tsorata ƙwarai, don shanun nan su ne duk abin da mahaifina ya bar mini, har na fara tunanin kai sauran wa mahauta a wulaƙance.

Na je shagonsa karɓar riga, na yi masa ƙorafi, na haɗa da cewa wasu baƙin tsuntsaye sun sauka a ramin, ba balbela ba, ba zalɓe ba, har ana cewa na aljanun ruwa ne. Ƙafarsa ta tsaya cak a kan keke. Ya tambayi kamanninsu. Na ce ƙirji fari, baya baƙi, jajayen ƙafafu dogaye, baki kamar allurarsa. Wallahi tsohon nan ya bar shago a buɗe, ya riga ni isa bakin ruwan.

Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba. Dattijo da furfurarsa yana dariya yana hawaye, yana yi wa tsuntsaye Yarbanci. Ya riƙo hannuna ya ce, "Jauro, 'yan garinmu ne! Daga teku suka zo!" Jauro yake ce mini don tsokana, alhali ko akuya ban taɓa yi wa sarauta ba.

Da ya nutsu sai ya koya mini abin da masunta suka sani. Tsuntsayen nan takawa suke yi cikin ruwa, don haka duk inda suka tsaya ƙasa na kusa. Suna can gefen gabas, bayan tulin ƙasa, inda ba wanda yake zagayawa. Ya sari gora, ya naɗe wando, ya shiga yana caka ta gabansa irin na masu kwalekwale, ina daga baki ina roƙonsa ya fito. Ya yi nisa ruwa bai wuce gwiwarsa ba, ashe yashi ne mai tauri da aka zubar bayan wankin kuza. Ya kafa gorar daidai inda zurfi ya fara. Da la'asar shanuna suka sha suka ƙoshi, ba wadda ta faɗa. Kafin mako ya zagayo makiyayan Rikkos duka suna can.

Na kai masa maraƙi ya ƙi karɓa. Ya ce ni dai in hana masu tarko taɓa masa baƙinsa. Kowace shekara in damina ta ɗauke sai ya rufe shago ya je tarbarsu, ya sake gwada ruwan, ya gyara gorar. Yakan ce, "Ni ban je gida ba, gida ne ya zo."

Bana sun sauka yana kwance. Da na gaya masa, ya yi ta murmushi, sannan ya ce in duba gorar, yashi yana tafiya. Na ce sai ya warke mu je tare. Washegarin jana'iza na naɗe wando na shiga ni kaɗai, tsuntsayen na gefena. Ya yi gaskiya, zurfi ya matso. Na dawo da gorar baya taku biyu, na tsaya a ruwan na yi kuka.

Allah Ya jiƙan Baba Lamidi, Ya yafe masa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da dabbobinmu. Allah Ya bai wa Maman Rasaki da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ya tsaya musu. Amin.