Hoto ɗaya na Lawali, shi ma bai fita ba

Da safen nan ina shan shayi aka kira ni daga Mayahi: Lawali mai hoto ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shayin na nan a kan tebur har yanzu.

Wanda bai san shi ba, ya duba katin ɗan ƙasar kakarsa. In daga Mayahi zuwa Attantane take, da wuya in ba shi ya ɗauki fuskar ba.

Shi ya koya mini riƙon kamara lokacin da na dawo daga jami'a da digiri da yawan magana. Bai taɓa cewa mace ba ta wannan aiki ba. Cewa kawai ya yi: "Rufe baki ki buɗe ido."

Abu ɗaya muka yi ta gardama a kai: objektif, gilashin gaban kamara. Shi a wajen wani ɗan kasuwa a Maraɗi yake saye, irin wanda ake shigowa da shi ta bayan fage, ba takarda, ba garanti, in ka bar ƙofar shago ya zama naka har abada. Ni kuma na ce sai na wakilin kamfani a Yamai, cikin kwali, da hatimi. Daga nan ya raɗa mini Madam Garanti.

Tunda ba mayarwa, yana da hanyar gwajinsa. Ya ɗaura objektif ɗin, ya miƙa wa mai shago kamara, ya fita rana ya tsaya, ya zaro ido. A ɗauke shi. Ya ƙara girman hoton har ya ga gashin girarsa ɗaya-ɗaya. In sun fito, ya saya. Nan take ya goge hoton, wai fuskarsa ba ta cancanci cin wuri a katin kamara ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Tasawa ce, bayan Sallah. Na nuna masa sabon nawa, ina jin kaina. Ya juya kwalin, ya shinshina shi kamar turare. Na ce ya tsaya in gwada a kansa.

Ya ce: "Mi za a gwada, Madam? Wannan da ya zo da takardar haihuwa? Ki bari kar ki ɓata mai rai."

Direba ya yi oda, Lawali ya ruga ya shiga mota.

Ɗazu matarsa, Tanti Hadiza, ta sa aka kira ni a waya. Muryarta ta dushe. Ta ce: "Ɗiyata, ke da kuke yawo tare, ba ki da hotonsa? Autar nan ba ta fara tafiya ba. Ina so in ta girma in ce mata ga babanki."

Na juye kwamfutata. Bukukuwa, gonakin gero, kekunan jakai a Maijirgi, har inuwarsa a ƙasa a wani hoto. Shi babu. Kullum yana gefena, ba ya gabana. Na katinsa na ɗan ƙasa kuwa tun yana saurayi ne, ya koɗe.

Na kira mai shagon Maraɗi. Ya yi salati, ya ce a gabansa ake gogewa.

Daga ƙarshe na samu ɗaya a wayata. Shi ya turo mini bara, gwajin wani objektif da ya ƙi saya, don in ga yadda marar kyau yake. Bangon da ke bayansa ya fito tas, har tsagar siminti ana gani. Fuskarsa kuwa kamar ana kallonta ta cikin ruwa.

Masu kyau duk ya goge. Wannan ne ya tsira.

Ina zaune ina kallonsa, kwalina mai garanti yana kan shiryayye. Ban san yadda zan tura wa Tanti wannan ba, ban kuma san yadda zan ce mata babu ba.

Don Allah, duk wanda Lawali ya taɓa faɗawa cikin hotonsa, ko a gefen taron biki ne, ya duba ya turo mini.

Allah ya jiƙanka, malamina, ya haskaka makwancinka, ya raya marayunka. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya sa autar ma, Allah ya nuna mata fuskar babanta.