Gungumen Madaci da Gajeren Hannuna

Ina tsaye cikin cikakkiyar haiba a kasuwar Jibiya, sai wani kafintan Maraɗi da ya ce in yanko masa gungumen madaci kamu shida-shida ya naɗe hannun riga. Dogo ne kamar falwaya.

Ni kuwa tun farko da ɗan gajeren hannuna na auna wa mai zarto, bayan na raina tef ɗinsa na awo.

Kafinta ya gwada, ya samu huɗu da rabi.

"Malam, ƙyauren ɗakin mutane za ni yi, ba na akurkin kaji ba."

Na gyara murya na ce, "Haba Alhaji, su riƙa sunkuyawa mana, ai ladabi ne."

Ya hau babur ya tsallaka iyaka, ya bar ni da itacena.

Malamai, a ba mu fatawa: kamun mai saye ake bi, ko na mai sayarwa?