Ɗigon da Na Shafe

Ni ba mai yawan tuna baya ba ne, kan ma ya gaji. Amma akwai wata safiyar Talata da ko sunana na manta, ita ba za ta bar ni ba.

Lokacin ina da ɗan shagon fotokwafi da ɗinkin takardu a Jimeta. Karatuna a firamare ya tsaya, amma ana yabon aikina don kwafina tsaf yake fita. Injina tsoho ne, yana tofa tawada, shi ya sa na saba da abu ɗaya. Duk takardar da aka kawo sai na duba ta, in na ga tabo ko kashin ƙuda in ɗiga masa farin ruwan gyara, in hura ya bushe, sannan in ɗora. Ba na tambayar kowa. A ganina alheri nake ƙarawa.

Ranar Litinin wata malamar sakandare ta zo, 'yar kudancin Adamawa da ke zaune a Shagari Low Cost. Digiri na biyu take yi, ta kawo littafin bincikenta in yi mata kwafi biyar. Washegari ƙarfe sha biyu za ta tsaya gaban malamai ta kare shi. Babbansu daga nesa ya zo, in ta rasa wannan zama sai baɗi. Ta zaro shafi biyu daga ambulan ta ce, “Bappa, waɗannan ka kula da su. A Abuja aka buga mini, ba ni da wasu. Injin garin nan ba ya fitar da su.”

Na ce, “Madam, tun kina ƙaramar yarinya nake wannan aiki.”

Da ta tafi na jera su. Hoto iri ɗaya ne sau biyu, wani abu kamar hayaƙi a tsakiya, da baƙaƙen ɗigogi warwatse. Na bi su da yatsa, kowane ɗigo yana da ɗan'uwansa a ɗaya shafin. Sai guda ɗaya can gefe a shafi na biyu, shi ba shi da kowa. Na ce ashe injin Abuja ma yana tofi. Na ɗiga masa fari, na hura, na buga, na ɗinke biyar. Har daɗi na ji.

Talata ƙarfe tara ta iso cikin kwalliya. Ta ciro jan biro, don ta bari sai an gama kwafi ta zagaye abin da take son nunawa da hannunta. Ta buɗe na farko, biron ya tsaya a sama. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku.

“Bappa, ina ɗigon da ke nan?”

“Dattin? Ai na share miki.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a kan benci, ta cire tabarau, ta ce, “Shekara uku na yi ina neman dattin nan.”

A nan ta faɗa mini, ni ma yadda na gane zan faɗa. Hayaƙin nan wai wani gari ne guda na taurari, maƙwabcin namu. Hoton kuma wata na'ura ce a sararin sama ta ɗauka, da irin hasken da ake hoton ƙirji da shi a asibiti. Ɗigon taurari biyu ne suna zagaya juna. Ɗaya ya mutu, ya ƙanƙance, ya yi nauyi, yana zuƙar jikin ɗan'uwansa. In abin da ya zuƙa ya taru sai ya kama da haske na 'yan watanni, sannan ya yi shiru shekara da shekaru. Hoton farko yana shiru, na biyu an kama shi yana ci. Littafin nan duka, da lissafinsa da Turancinsa, a kan ɗigon ya tsaya.

Na ɗauki asalin takardar na fita ƙofa na ɗaga wa rana. Ta baya na hango shi ƙarƙashin farin, yana nan. Na ɓare sabuwar reza na sa ta kwance, na fara kankara kaɗan-kaɗan, ina hurawa. Maƙwabcina, wani Babarbare mai sayar da hula, ya leƙo ya ce, “Yau kuma wanzanci aka koma?”

Ɗigon ya fito, amma rezar ta ci gefensa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ja janareto sau shida kafin ya tashi. Na kwance ɗinki biyar, na canza shafin, na sake ɗinkewa, ita tana bi da jan biro. Sha ɗaya da rabi ta wuce na tare mata keke mai ƙafa uku. Ko kallona ba ta yi ba.

Bayan la'asar ta dawo, takalmi a hannu. Ta ci jarrabawar. Ta ce babban malamin ya tambaye ta me ya gutsuri tauraron, ta faɗa masa gaskiya, aka yi dariya, aka ci gaba. Na ce to yanzu yana can yana haske? Ta ce, “Hasken ya mutu tuni, Bappa. Wataƙila ni da kai ba za mu ga ya sake ba.” Wannan maganar ce ta fi taɓa ni. Abu ya yi shekaru yana shiru, ya yi motsi sau ɗaya, mace ɗaya ta gan shi, ni kuma da ɗigon fari na ce bai faru ba.

Kwafin shafin yana manne a bangon ɗakina a unguwar Adarawo, da jan zagayensa. Har yau ina amfani da farin ruwan, amma ko kashin ƙuda na gani sai na nuna wa mai takarda tukuna. Wasu su ce na cika tambaya, su ta shafa. Abin da na koya ke nan: in ban san abu ba, ba datti ba ne don kawai ni ban san shi ba.