Tabarmar Fuatino

Fuatino ta ba da gaskiya ga Allah da Almasihu, amma akwai magana ɗaya da ta ƙi shiga kanta tun tana budurwa har furfura ta rufe ta: wai a ce mutum yana da rabo a zunubin da bai aikata ba. Duk ƙauyenmu na tsibirin Savai'i an san ta da wannan gardama kamar yadda aka san ta da saƙa.

Masaƙiyar tabarmar alfarma ce, irin wadda ba a shimfiɗawa a zauna, sai dai a miƙa ta ranar biki ko ranar mutuwa. Takan tsaga ganye siri-siri, ta shekara a kan tabarma ɗaya, sannan ta ƙawata bakin da jajayen gashin tsuntsu. In ka ɗaga saƙarta ka dubi rana, ko ɗigon haske ba ya ratsawa, kuma ba ta gajiya da gaya wa mutane haka. In matan da take koya wa suka yi kuskure, sai ta bi silin da yatsa har inda ya karkace, ta ce, "Hannun wa ne nan?" Mai hannun ita za ta warware, ko da aikin wata guda ne.

Haka ta ɗauki zunubi ma. Fasto Elisaia, mutum mai sanyin hali, yakan yi wa'azi cewa zunubi ba aikin hannu ba ne kawai, ciwo ne da muka gada tun daga Adamu, yana nan kwance a zuciya ko mutum bai motsa ba. Ana tashi daga coci sai ta tare shi a bakin ƙofa, mafici a hannu.

"Fasto, ni fa ban ci ɗan itacen nan ba. Ko hanyar gonar ban sani ba."

"Mama Fuatino, da ke aka ajiye a gonar..."

"Da har yau muna can! Macijin ma da sai ya warware maganarsa." Sai ta buɗe masa tafukanta. "Zunubi aikin hannu ne. Duba nawa."

Tsakani da Allah, hannun nan bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Mukan yi dariya, amma babu mai son ta bi silinsa da yatsa.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗa guda, Ioelu. Shi ke noma gwaza, shi ke yanko mata ganyen saƙa, shi kaɗai ke iya tsokanarta ya zauna lafiya. Wata Asabar yana dawowa daga gona da kwandon gwaza a kafaɗa, wani saurayi na ƙauyen gaba mai suna Simi ya sha ya yi tatil, ya kwashe shi da a-kori-kura. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. 'Yan sanda suka tafi da Simi. Fuatino ba ta yi kururuwa ba. Ta tsani yaron nan tsana mai tsanani, kuma a lissafinta tsanar halal ce, tunda an san hannun da ya yi ɓarnar.

Ba a kai ga binne Ioelu ba, gari ya waye aka tarar da dangin Simi zaune a kan tsakuwar filin gidan Fuatino, kawuna a sunkuye, kamar yadda ake neman gafara a wurinmu. Sun ajiye itace da duwatsun gashi a gefe, alamar in an ga dama a gasa su kamar alade. A gabansu akwai mutum ɗaya lulluɓe da tabarmar alfarma. Ba za su ci ba, ba za su sha ba, ba za su tashi ba, sai masu gida sun yaye tabarmar nan.

Ƙanenta Uelese shi ne babba a gidan, amma a wurinmu namiji ba ya tsallake maganar 'yar'uwarsa a irin wannan rana. Ya durƙusa kusa da ita.

"Yaya, me kika ce?"

"Simi ne a ƙarƙashi?"

"Kin san Simi yana hannun hukuma. Kakansa ne, Baba Alapati."

"To shi me ya yi mini? A kawo mini hannun da ya riƙe sitiyari."

"Yaya, tsohon nan ya haura tamanin, ga ciwon suga."

"Ni na kira shi?"

Uelese ya koma gefe. Alapati dai bai taɓa kurɓar giya ba, bai ma iya tuƙi ba, kuma kowa a gidan ya sani.

Rana ta ɗaga. Ɗakunanmu ba su da bango, don haka Fuatino tana zaune a inuwa, hannuwa a cinya, tana ganin komai. Fasto Elisaia ya shigo ya zauna nesa kaɗan.

"Fasto, in wa'azi ka zo yi, yau ba Lahadi ba ce."

"Zama na zo yi, Mama."

Da rana ta take, sai tabarmar ta fara rawa. Idon masaƙiya ba ya hutu ko a gidan makoki, ta tsura wa bakin tabarmar ido. Saƙarta ce. Ita ta yi ta shekarar da take da cikin Ioelu, aka ba da ita a jana'izar surukarta, ta yi ta yawo gida-gida har ta dawo mata a kan tsohon nan. Ta fi kowa sanin cewa iska ba ta ratsa ta. Ta hango ƙafarsa guda ta leƙo waje, a kumbure, yatsun suna nannaɗewa saboda zafin tsakuwa.

A nan ta tarar da abin da ya ba ta tsoro: daɗi take ji. Duk rawar da tabarmar ta yi, sai wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, tana so ya ƙara. Ta dubi hannuwanta. Suna nan fes a cinya, ba su taɓa kowa ba tun safe.

"Fasto," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "in tsohon nan ya mutu a can, hannun wa ne?"

Ya ce, "Ke ce gwanar bin sili, Mama."

Ta bi silin kuwa, ba ta yi wa kanta rangwame ba, don ba ta taɓa yi wa kowa ba. Sai ta miƙe, ko takalmi ba ta nema ba, ta taka tsakuwar nan mai ƙuna har gabansu, ta kama bakin tabarmar ta yaye. Alapati ya jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun tsattsage.

"Ɗiyata, mun yi laifi."

"Kai ba ka yi komai ba, Baba."

"Jinina ne. In ban ɗauka ba, wa zai ɗauka?"

"Ban yafe wa Simi ba tukuna. Kada ka je ka ce na yafe."

"Ba mu zo da gaggawa ba."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi. Ta sa hannu biyu ta ɗago shi, ta kai shi inuwa, ta ce a fasa masa kwakwa. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata, a kafaɗar tsohon, gaban ƙauyuka biyu.

Da tabarmar aka rufe akwatin Ioelu. Ta ci gaba da koyar da saƙa, kuma har ta rasu ba ta daina bin sili da yatsa ba, sai dai daga ranar takan zauna ta warware tare da mai kuskuren.

Lahadin farko bayan jana'izar Ioelu, Fasto Elisaia ya tsaya a bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a. Da ya hango ta sai ya gyara tsayuwa, don sabo. Ta tsaya a gabansa, maficin a rufe.

"Fasto, har yanzu ban ce na ci ɗan itacen nan ba," in ji ta. "Amma na san ɗanɗanonsa."