Piyanon Baba a Barmu

Mun tashi daga Tawa bayan sallar asuba, ni da ƙanwata da wani mai gyaran rediyo, muka nufi Barmu. Tun rasuwar Baba ban bar gari ba. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta aiko cewa piyanonsa na lantarki yana ɗakinta. Ban taɓa jin kiɗansa ba, ya daina kafin a haife ni. Burina in ji muryar abin, ko sau ɗaya.

Motar cike take da buhuna, ga akuya tana tauna mini bakin riga. An gama girbi, dammunan hatsi jere a gonaki. Inda muka tsaya mun sha fura mai sanyi, muka sayi cuku wurin wata mata da ta rantse ta yi mana ragi, alhali ƙari ta yi.

Da muka isa, Gwaggo ta jawo piyanon daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin zane, nauyi kamar ƙyaure. Ta ce a zamaninsu fatake ke kawo irinsa daga arewa, da batirin mota ake tayar da shi. Ranar da ya fara kuka a garin, tsofaffi sun yi ta leƙa bayansa suna neman mai busar.

Mai gyara ya fidda gidan zanzaro daga ciki, ya haɗa shi da batirin sola. Shiru. Ya kankare wayoyi, ya sake haɗawa. Sai wata siririyar murya ta fito, tana rawa kamar sarewa. Ƙanwata ta riƙe hannuna.

Na danna wani maɓalli, gangar da ke cikinsa ta tashi. Gwaggo ta daka tsawa: "Kashe wagga, ɗan nan! Ubanka bai taɓa kunna ta ba. Makaɗi shi ka bin ƙahwar mai rawa, wagga ko so takai a bi ta. Ku miƙo min ƙwarya!"

Ta kifa ƙwarya tana kaɗawa, tana rera waƙarsa, ni ina lalube a kan piyanon da yatsa ɗaya har na kamo. Tsofaffin matan unguwa suka shigo, suka ci ɗamara da gyale. Duk inda na kuskure sai su fashe da dariya: "Haka shi ma ya hwara!" Na yi dariya har hawaye, ban tsaya tantance irinsu ba.

Washegari da la'asar muka iso gida lafiya. Piyanon na bar shi can. Tafiyar ta nuna mini rabin kiɗan Baba ne kawai ke cikin akwatin. Sauran yana hannun Gwaggo, ita kuwa ta ce ita da mota har abada. Ni zan riƙa zuwa.